Kan yumɓun Nok ya burge ni, shin na yi zunubi?

Tambaya: Malam, makaranta ta kai mu gidan tarihi na Jos, na ga kawunan mutum-mutumin yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok. Ban san lokacin da na tsaya gaban wani ba, ina kallon idanunsa masu kusurwa uku, da hudar ƙwayar idon, da kitson kansa. Har na ce, "Kai, wanda ya gina wannan ya iya!" Ƙawata ta ce in tuba, wai gunki na yaba.

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yata, burgewar da ta zo miki ba da neman ta ba, babu zunubi a kanta. Ido yakan ga kyakkyawan aiki zuciya ta motsa tun kafin hankali ya sa baki. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya, matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Abin da kika furta kuwa yabon gwanintar hannu ne, ba girmama abin bauta ba.

Sai dai ƙawarki ba ta yi magana a banza ba. Sassaƙa surar mai rai haramun ce, hadisin azabar masu yin sura ingantacce ne. Ibn Abbas ya bayyana cewa Waddu, Suwa'u, Yagusu, Ya'uƙu da Nasru, da aka ambata a Suratu Nuh aya ta 23, sunayen salihan bayi ne. An kafa musu alamomi don tunawa, masu sani suka mutu, na baya suka bauta musu.

Malamanmu na Malikiyya sun tantance abin. Shaihu Dardir, a sharhinsa na Mukhtasar, littafin fiƙihu na Shaihu Halil, ya ce mutum-mutumin mai rai, cikakken gaɓoɓi, haramun ne yin sa, haramun ne kallonsa. Amma wanda ya rasa wata gaɓa, kallonsa ya halatta. Yawancin kayan Nok kuwa, tun waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, gutsattsari ne, kai ba gangar jiki. Kenan ko a kan wannan ra'ayi mai tsanani, kallon da kika yi ya halatta.

Cikakken mutum-mutumi, idan darasi ya kai ki gabansa, ki ɗauki ilimin ki wuce. Kada ki shafa shi don neman tabarraki, kada kuma ki sayo kwafinsa ki kafa a falo.

Allah ne mafi sani.