Tun da Na Haihu Nake Gudun Madubi

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Tun da na haihu wata bakwai da suka wuce nake jin kunyar jikina, domin duk bikin da na je sai wata ta ce na yi ƙiba. Na daina karin kumallo, ina shan shayin rage teɓa, amma da dare sai in cinye malmalar tuwo uku, in kwana ina zargin kaina. Mece ce mafita?
Mai shayarwa, Agege, Legas

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Cin nan na dare ba rashin haƙuri ba ne, yunwar da kika tara tun safe ce, alhali jikinki yana samar wa jariri nono. Ki koma karya kumallo, ko da koko da ƙosai ne, ki ci na rana a zaune cikin natsuwa.

Shayin nan ki ajiye shi, domin da yawa daga irinsa ganyen filasko ne a ciki, wanda zawo yake sawa, ruwan jiki ya zube kitse yana nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiyar ƙafa da yamma ta wadatar. Alayyahu da kabeji da karas na kasuwar Mile 12 su yawaita a tukunyarki.

Abin da ya fi damuna shi ne zargin kan nan. Ki ɗinka kayan da suka yi daidai da jikinki na yau. Idan baƙin cikin ya hana ki barci, ko kin fara jawo amai da gangan, ki gaya wa likita ranar da kika kai yaro rigakafi.