Amsa: shin tsayin wuri yana canza nauyin katako?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko bishiyar da ta girma a kan dutse katakonta ya bambanta da na ƙasa, kuma ko zoben cikin kututture na nuna haka. Ƙwarai kuwa.

A duwatsun Alps na Turai, bishiya tana yin zobe ɗaya duk shekara. Farkonsa sakayau ne mai haske, ƙarshensa duhu ne mai tauri, kuma ɗumin ƙarshen lokacin zafi ne ke ƙara masa kauri. Idan aka hau mita 1,000, zafi kan ragu da kimanin digiri 6, lokacin girma ya gajarta, sai ɓangaren duhun nan ya kasa cika. Shi ya sa masana ke haska katakon da na'urar hoton ƙashi su gane yanayin shekarun baya. Bayan aman wutar dutsen Tambora na ƙasar Indonesiya a 1815, wanda ya jawo sanyi a sassan duniya, zoben 1816 ya fito ba nauyi a wurare da dama.

Mu nan Zariya lissafin daban ne. Ruwa ne ke tsayar da girman bishiyarmu, ba sanyi ba. In ka duba zoben itacen da ake tsagawa a Sabon Gari, labarin damina da rani za ka gani.