Amsa: Akwatin nan baƙi mai zanen zinariya, na China ne ko na Turawa?

Malam, ka ce ka samu ƙaramin akwatin katako baƙi wuluk mai zanen tsuntsaye da gadoji, kana tambaya ko na China ne. To ba lallai ba, don Turawa sun daɗe suna kwaikwayon irin wannan baƙin fenti mai sheƙi tun ƙarni na 17, har suka sa masa suna japanning.

Na asali a China da Japan daga ƙaron wata bishiya ake yinsa, Japanawa na ce mata urushi, kuma abin mamaki sai da laima yake bushewa, a shafa a goge a sake shafawa, aikin watanni ne wallahi. Turawa ba su da bishiyar, sai suka koma haɗa shelak na Indiya (wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa) da wasu ƙaro a sipirit. A Faris 'yan gidan Martin suka yi suna a wannan sana'a, a Pontypool da Birmingham na Birtaniya kuwa tiren ƙarfe suke shafawa su gasa a tanda. Baƙin tsohuwar keken ɗinki Singer ma dangin wannan ne.

Ka ɗiga sipirit a auduga ka taɓa ƙasan akwatin inda ido ba ya kaiwa, in ya yi danƙo shelak ne, urushi ko gezau. Kar dai ka goge zanen!