Nawa zan sa wa jakar da na ɗinka da hannuna?

Tambaya: Ina zaune a unguwar Birni, nan Damagaram. Ina ɗinka jakunkunan atamfa da rigunan filo, ina tallarsu ta WhatsApp da Facebook. Jaka ɗaya jika uku, wato sefa 3,000, nake sayar da ita, kuma ana saye, amma in wata ya ƙare ba na ganin kuɗin. Ta yaya zan yanka farashi?

Amsa: Ƙanwata, na ji daɗi da kika faɗi farashinki, don da shi za mu yi lissafi. Abin da ke cin yawancin masu ɗinki a gida shi ne ba su biyan kansu ladan aiki. Sai su cire kuɗin ƙyalle, abin da ya yi saura su kira shi riba, alhali guminsu ne suka sayar da araha.

A ce kin sayi turmin atamfa, yadi shida, a kasuwar Dole kan sefa 9,000, ya ba ki jaka shida. Kowace ta ci 1,500. Shafi, zif, soso da zare, mu ce 700. Akwai kuma kuɗin da ke zurarewa ba a ji: man keke, allurar da ta karye, wuta, kuɗin intanet, kabu-kabun zuwa kasuwa, ledar da kike naɗe kaya. Ki rubuta su wata guda cur, ki raba da yawan abin da kika ɗinka. In sun kai 6,000 kuma kin yi jaka ashirin, kowace ta ɗauki 300. Mun kai 2,500 ke nan, ba mu taɓa aikin hannunki ba. A jika ukun da kike sayarwa, 500 kawai ke shigo miki, dala ɗari a ƙirgenmu na sefa biyar-biyar, a kan aikin da wataƙila ya ci miki awa uku tun daga yanka har guga.

Nan nake so ki tsaya ki yi tunani. Da wata ce ta ɗauke ki aiki a shagonta, nawa za ki yarda ta ba ki a wuni? In kin ce jika huɗu a awa takwas, awarki 500 ce, jakar awa uku kuma ta ci 1,500. Ki duba agogo da gaske, kada ki yi kirdado, domin tsayawa daidaita zanen atamfa ya haɗu a baki ma aiki ne. Jimilla 4,000. Sai yanzu riba za ta hau, kamar 1,000, jaka ta tsaya jika biyar. Ladan aikin naki ne na cefane. Ribar kuwa ta sana'a ce, da ita za ki gyara keke, ki ƙara jari.

Na san za ki ce masu saye za su gudu. Wasu za su tafi, gaskiya ne, musamman masu gwada kayanki da jakunkunan kamfani da ake sarowa. Ba da su kike takara ba. Ki ɗauki hoto da hasken safe, ki nuna cikin jakar da ƙarfin ɗinkin. In har kasuwa ta ƙi jika biyar, ki sauƙaƙa samfurin ya koma awa biyu, ko ki yanka uku a lokaci ɗaya, amma kada ki zaftare ladanki.

Ƙyalle kuma ki lissafa shi da kuɗin da za ki sake sayensa yau. Kaya da yawa daga Kano suke shigo mana, canjin naira da sefa kuwa ba ya zama wuri ɗaya.

Ki rubuta farashi da lamba a ƙarƙashin kowane hoto, da kalmar sefa, saboda "ɗari" a bakinmu 500 ce, mai saye daga Najeriya kuwa wani abu daban zai fahimta. Tunda mutanenmu ba su saye sai sun taya, ki bar ɗan wurin ragi a sama, ki kuma san adadin da in an sauko ƙasa da shi za ki ce albarka. Kuɗin aika kaya a mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, da ladan kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana, ki faɗe su daban tun kafin a gama ciniki. Mai son a ɗinka mata nata na musamman, balle gab da Sallah, ta ba da rabin kuɗi kafin alƙalami kafin ki sa almakashi a ƙyalle.