Filin Tambayi Lauya: Ɗalibin Aji Ɗaya da Neman Gurbi a Ofishin Lauyoyi

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ina aji ɗaya a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Bayero. Wasu 'yan ajinmu har sun fara tura takardu manyan ofisoshin lauyoyi na Legas da Abuja, suna neman gurbin sanin makamar aiki. Ni ko ɗaya ban tura ba. Na makara ne? Daga wani ɗalibi, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ƙanenmu, da sauran tafiya. Digirin shari'a shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, sai Makarantar Horas da Lauyoyi, ko a Bwari ko Bagauda ko Yola ko wani reshenta, sai a rantsar da kai, sannan bautar ƙasa. Kusan shekara 7 ke nan kafin maganar aiki na dindindin.

Ofisoshi irin su Aluko & Oyebode, Banwo & Ighodalo, Templars da Olaniwun Ajayi, yawancin aikinsu na kamfanoni ne: bankuna, mai da iskar gas, kasuwar hannun jari. Shi ya sa galibi suka fi karkata ga 'yan aji huɗu da biyar. Ba raini ba ne. A yawancin jami'o'i sai a aji biyu ake fara dokar kwangila da tsarin mulki, dokar kamfanoni kuwa sai can ƙarshen karatu. Ɗan aji ɗaya da aka miƙa wa yarjejeniyar rance mai shafi 80 ya duba, me zai gani a ciki?

Abin da ke hannunka bana shi ne maki. Idan lokacin ɗaukar aiki ya zo, irin waɗannan ofisoshi sukan fara tacewa da sakamako, mafi ƙaranci 2:1, wato babbar daraja ta biyu, a jami'a da kuma makarantar lauyoyi. A ma'aunin maki 5, 2:1 daga 3.50 yake farawa, daraja ta ɗaya daga 4.50. Mu ɗauka nauyin kwasa-kwasan kowace shekara ɗaya ne. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.50 sai ya riƙe 3.75 shekara huɗu a jere kafin ya taɓo 3.50. Wanda ya gama da 3.80 yana burin daraja ta ɗaya, sai ya riƙe kusan 4.70 har ya fita. Inda ɗalibai suka fi faɗuwa kuwa shi ne kwasa-kwasan gama-gari da na aro daga wasu tsangayoyi, waɗanda ake yi wa riƙon sakainar kashi don wai ba na shari'a ba ne. Lissafi bai san wannan bambancin ba.

Tambaya: Barista, ina son zama a ofishin wani lauya a garinmu idan mun samu hutu. Yaya zan nema, kuma me zan rubuta a CV, takardar tarihin karatu da aiki, tunda ban taɓa aiki ba? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wannan ita ce shawarar da muka fi so ga 'yan aji ɗaya, ƙanwarmu. Ƙaramin ofishi mai lauya uku ko huɗu, wanda kullum yana kotu, zai nuna miki abin da babban ofishi ba zai samu lokacin nuna miki ba.

Fara da duba kalanda. Manyan kotuna sukan tafi dogon hutu daga wajejen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sai alƙalan da aka ware don shari'o'in gaggawa. Idan hutunki ya faɗo a nan, za ki yi ta zaman ofis ba tare da kin ga an yi wa shaida tambayoyi ko sau ɗaya ba. Ki tambayi lauyan tun farko ko yana da shari'o'i a kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci a makonnin da za ki zo.

Ki zaɓi ofisoshi 5 zuwa 8 da za ki iya zuwa kullum ba tare da kuɗin mota ya gagare ki ba. Ki rubuta wa kowanne wasiƙarsa daban, da sunan shugaban ofishin da muƙaminsa daidai. Idan SAN ne, wato mai muƙamin Babban Lauyan Najeriya, kada ki manta da haruffan nan uku. Sakin layi uku ya isa: ke wace ce kuma a wane aji kike, me ya sa wannan ofishin, sannan ranar farawa da ranar gamawa. Mako 4 zuwa 6 ya wadatar. Ki kai wasiƙar da hannunki kamar wata guda kafin hutu, cikin shigar baƙi da fari, domin ƙananan ofisoshi da yawa ba su cika duba imel ba. Bayan kwana 10 ki sake leƙawa sau ɗaya. Wasiƙar da aka kwafa aka manta aka bar sunan wani ofishi daban a cikinta, kwandon shara take tafiya.

CV kuma shafi ɗaya. Makaranta, makinki idan ya fito, muhawara ko gasar kotun gwaji da kika shiga, aikin ƙungiyar ɗaliban shari'a ta LAWSAN, da iya aiki da kwamfuta. Ki rubuta harsunan da kike ji. Lauyan da ke karɓar masu ƙara daga ƙauyuka yana buƙatar wanda zai saurari bayani da Hausa ko Fulatanci ya mayar da shi rubutaccen Turanci mai tsabta. Kada ki ƙara gishiri; tambaya biyu ta isa ta tona asiri.

Idan an karɓe ki, ki riga lauya isa kotu, don ƙarfe 9 ake sa ran zama. Ki duba jerin shari'o'in ranar, ki rubuta lambar kowace shari'ar ofishinku, abin da aka yi, da ranar da aka ɗage ta. Ki bi akawun ofis zuwa wurin magatakarda ki ga yadda ake shigar da takardu da biyan kuɗinsu. Ki roƙi a nuna miki yadda ake nemo hukunci a kundin hukunce-hukuncen kotuna na NWLR da manhajar LawPavilion, ki riƙa taƙaita hukunci ɗaya kowace rana a shafi guda: abin da ya faru, batun da kotu ta duba, abin da ta yanke, da dalilinta.

Abu biyu ke jawo kora nan take. Na farko, fitar da sirrin wanda ofis ke wakilta, ko da a hirar gida ce ko hoton fayil a WhatsApp. Na biyu, ba wa mutane shawarar shari'a kamar ke lauya ce. Doka ta keɓe aikin lauya ga wanda aka rantsar aka sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. A unguwa za a fara kiran ki Barista tun yanzu. Ki yi murmushi, ki tura su wurin mai ofishin.

Tambaya: Ina karanta shari'ar Musulunci haɗe da ta zamani. An ce min manyan ofisoshi ba sa son irinmu, kuma wai sai da hanya. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

Amsa: Makarantar lauyoyi ɗaya za ku shiga, rantsuwa ɗaya za a yi muku. Ilimin mu'amalat ma kasuwa gare shi yanzu: bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki a 2012, takwaransa TAJBank a 2019, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) na farko na naira biliyan 100 a 2017. Irin waɗannan ayyuka a yau sai da lauyoyin da suka san murabaha (ciniki bisa ribar da aka bayyana) da ijara (haya), suka kuma san dokar kamfanoni ta 2020.

Hanya tana aiki, ba ma musu, amma ana iya gina ta. Malamanka lauyoyi ne, sun san masu ofisoshi. Asibitin shari'a na tsangaya, inda ɗalibai ke taimaka wa marasa galihu da waɗanda ke tsare suna jiran shari'a, yana haɗa ka da lauyoyin Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Ka nemi wasiƙar shaida daga duk inda ka zauna kafin ka bar wurin, mai ɗauke da kwanan wata da ayyukan da ka yi. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi ya samo maka gurbi, ka kira lambar da ke shafin intanet na ofishin ka tabbatar kafin ka fitar da ko sisi.