Filin Tambayoyin Lambu: Ƙasar da Ke Jikin Saiwa

Tambaya: Malam, na sayo mangwaro mai aure guda uku a cikin baƙar leda, na kakkaɓe ƙasar jikinsu na dasa a tsakar gida. Kwana huɗu duk suka yi yaushi, ga shi kullum ina ba su ruwa. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Hotoro.

Amsa: Malam, kakkaɓewar nan ce ta jawo. Dunƙulen ƙasar nan cike yake da ƙananan saiwoyi masu kama da gashi, su ne ke shan ruwa, manyan kuwa riƙe itacen ne aikinsu. Ƙasar na wargajewa suke tsintsinkewa, ko tulu goma ka juye babu bakin sha.

Nan gaba ka shayar da ledar tun ana gobe za ka dasa, don ƙasar ta kama jikinta. Bayan la'asar ka yanke gindin ledar da reza, ka tsaga ta gefe, ka tallafo dunƙulen da hannu biyu. Kada ka ja ta kara. Faɗin rami ya ninka dunƙulen sau biyu, zurfinsa kuwa daidai tsayin dunƙulen. Mutanenmu na son zurfafa rami, alhali binne wuyan itace, wato inda kara ya haɗu da saiwa, ruɓar da shi yake yi, wurin auren ma dole ya zauna sama da ƙasa.

Duba saiwoyin kafin ka rufe. In tsiron ya daɗe a leda za ka ga sun nannaɗe kamar gammo. Warware su da yatsa, in sun ƙi ka tsaga gefen wuri uku, zurfin santimita 1. In ka bar su, haka za su yi ta zagaye har su shaƙe itacen bayan shekaru.

Ruwa kuma a kan dunƙulen kansa ake zubawa, domin yakan bushe ƙasar kewaye tana jiƙe. Bokiti ɗaya ranar dashe, sannan ka riƙa tura yatsa kana dubawa. Ɗanyen kashin shanu ƙona saiwa yake yi, ya kuma kira gara, sai wanda ya ruɓe.

Naka ukun, kankare bawon da farce. In kore ne a ciki, yi musu inuwa, ka rage ganye, ka jira.

Tambaya: Gwaibata ta shekara biyu, ina so in canza mata wuri. Yaushe ya dace? Daga wata uwargida a Rijiyar Zaki.

Amsa: Hajiya, ban da bazara, zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40. Bari sai Yuli, damina ta zauna. Faɗin dunƙulen ya kai kaurin gindin sau goma: gindi mai santimita 4, dunƙule mai 40. A sa shebur mai kaifi a yanke kewayen tun wata guda kafin nan, ranar cirewa a naɗe shi da buhu a ɗaure tam, mutum biyu su ɗauka ta ƙasa.