Hangara da ƙwaron Nairobi: amsoshin likita

Tambaya: Likita, ɗana ya tashi da wani jan layi a wuya kamar ƙuna. Maƙwabta sun ce hangara ce ta yi masa fitsari, amma a ɗakin ƙananan ƙwari masu ja da baƙi muka gani. (Wata uwa daga Kura)

Amsa: Malama, a ganina ƙwaron Nairobi ne, wanda masana ke kira Paederus. Siriri ne, tsawonsa bai cika wuce santimita ɗaya ba, yana zama a fadama da gonakin shinkafa yana cin ƙananan ƙwari, da dare kuma hasken lantarki ke jawo shi cikin ɗaki. Hangara ta fi shi girma, a gonar gero da wake ake samunta tana cin fure. Dukansu ba sa cizo ko harbi, kuma ba fitsari suke yi ba. Dafin ƙwaron Nairobi yana fita ne idan an murtsuke shi a kan fata, ciwon kuma sai bayan yini ɗaya ko biyu yake bayyana da raɗaɗi, alhali ita hangara tana fitar da dafi daga gaɓoɓin ƙafafunta idan an matse ta, bororon ya taso cikin sa'o'i. Ki wanke wurin da sabulu, ki dinga ɗora tsumma mai sanyi, kada ki fasa bororon ko ki shafa man goge baki. Idan ya fara ruwa ko zazzaɓi ya biyo baya, ki kai shi asibiti.

Tambaya: Na kashe ƙwaron Nairobi ɗaya da hannu, na murza ido, yanzu ya kumbura. (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ka wanke idon da ruwa mai tsabta, ka ga likitan ido yau ɗin nan. Nan gaba ka hure ƙwaron ko ka ture shi da takarda.

Tambaya: Gaskiya ne garin hangara yana ƙara ƙarfin namiji? (Wani magidanci daga Maradi)

Amsa: Malam, ina roƙonka kada ka kusance shi. Sinadarin da ke cikinta, kantaridin, guba ne da ke ƙona baki da hanji, ya sa fitsarin jini, ya lalata ƙoda, kuma ba shi da makari. Dawakai ma suna mutuwa idan suka ci harawar da hangara ta mutu a ciki. Matsalar da ke damunka tana da magani a asibiti, bayan an auna sukari da hawan jini.